Tarihin Neman Maganin Endometiriyosis: Abin da Aka Samu da Abin da Aka Biya

A bakin Bahaushiya kalmar "ciwon mara" jaka ce mai faɗin baki, wadda ake zuba cututtuka iri-iri a cikinta. Akwai murɗar da kan zo tare da haila ta wuce cikin yini ɗaya ko biyu, akwai ciwon da sanyi ke haddasawa, akwai kuma wani da ya fi su naci, wanda likitocin Turai suka laƙaba wa suna endometiriyosis. Daga Girkanci aka ƙera sunan, daga kalmomi biyu masu nufin "ciki" da "mahaifa". A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da kan yi kauri kowane wata domin tarbar ciki, in cikin bai samu ba sai ta zube ta fita a matsayin jinin haila. A wannan cuta, nama mai kama da shimfiɗar nan shi ke tsirowa a inda ba muhallinsa ba: a kan gidan ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Yana amsa kiran sinadarin istirojin da gidan ƙwai ke fitarwa, yana jawo kumburi da tabo, har kayan ciki su manne da juna. Mai fama da shi takan sha azaba lokacin haila, ko wajen saduwa da miji, ko wajen bayan gida, wata kuma haihuwa ta yi mata wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, watau wajen miliyan 190, suna ɗauke da cutar.

Har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke ta daga saiwa ba. Saboda haka tarihin maganinta ya zama tarihin ciniki: a ba mace sauƙin ciwo, a karɓi wani abu daga jikinta. Abin da wannan maƙala za ta bi diddigi shi ne irin farashin da aka riƙa biya a kowane zamani, da kuma wanda ma'auni yake hannunsa sa'ad da ake cinikin.

Daga Biyana zuwa Albani

A shekarar 1860 ne Karl von Rokitansky, masanin cututtuka a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya bayyana ganin naman shimfiɗar mahaifa a wajen muhallinsa ta madubin ƙara girman abu. Thomas Cullen na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo ta Amurka ya faɗaɗa binciken, ya fitar da littafi a kansa a 1908. Amma wanda sunansa ya fi manne wa cutar shi ne John Sampson, likitan mata a garin Albani na jihar Niyok. A 1921 ya yi bayanin wasu ƙullutai da ke fitowa a gidan ƙwai cike da tsohon jini mai kauri, baƙi-baƙi kamar narkakken cakulan. A cikin shekarun nan ne sunan endometiriyosis ya kafu ta hanyar rubuce-rubucensa, sa'an nan a 1927 ya kawo ra'ayinsa game da sanadi: cewa wani ɓangare na jinin haila kan koma da baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki, ya dasa iri a can. Ra'ayin yana nan da ransa, ko da yake wani bincike na 1984 ya nuna cewa komawar jini da baya kan faru ga kusan kashi 90 cikin ɗari na matan da bututunsu ke buɗe, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa. Ashe ke nan akwai sauran magana.

Abu ɗaya da likitocin wancan zamani suka lura da shi, shi ya zama tubalin duk abin da ya biyo baya. Sun ga cutar takan lafa a lokuta biyu na rayuwar mace: sa'ad da take da ciki, da bayan haila ta ɗauke mata saboda shekaru. Kusan kowane magani da aka ƙirƙiro daga baya ƙoƙari ne na kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan halaye biyu.

Zamanin wuƙa

Hanya mafi kusa ta kawo ɗaukewar haila ita ce cire gidan ƙwai. Tun 1872 wani likita a jihar Jojiya ta Amurka, Robert Battey, ya fara cire lafiyayyun gidajen ƙwai domin maganin matsanancin ciwon haila da wasu larurorin da aka jingina wa haila, har aikin ya ɗauki sunansa ya bazu zuwa Turai. A lokacin cutar ba ta da suna, amma ba abin mamaki ba ne in wasu daga cikin matan da aka kwantar ita ce ke cinsu. Da dama sun mutu a sanadin fiɗar. Bayan Sampson, cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu ya zama abin da ake kira cikakken magani, wani lokaci kuma a kashe gidan ƙwai da hasken radiyam ko na ekisire.

Ciwo yakan lafa ga mafi yawa, wannan gaskiya ne. Sai dai mace 'yar shekara 30 takan wayi gari a halin da tsararrakinta ba za su shiga ba sai bayan shekara ashirin: zafi mai taso mata farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, bushewar gaba, rashin barci, ga kuma ƙofar haihuwa an rufe ta har abada. Sauran bashin ma bai bayyana ba sai da aka yi shekaru ana bin irin waɗannan mata, aka tabbatar cewa rasa gidan ƙwai da wuri na zaizaye ƙashi, yana kuma ƙara hatsarin ciwon zuciya. Garin neman gira, wasu sun rasa ido.

Shawarar aure da wuri

Kwaikwayon ciki kuwa, kafin a sami ƙwaya, ba shi da wata hanya sai cikin kansa. Joe Vincent Meigs, shahararren likitan mata a Bostin, ya rubuta a 1938 cewa ya fi ganin cutar a tsakanin matan masu hali da ke zuwa wurinsa da kuɗinsu, fiye da matan talakawa da ke kwance a ɗakunan kyauta. Ya danganta haka da jinkirin aure da tsarin iyali, ya yi ta kira ga aure da wuri da haihuwa da wuri a matsayin rigakafi da magani. Mai karatu zai ji kamar ya san wannan magana, domin "in ta yi aure ta haihu zai bari" jawabi ne da budurwa mai ciwon mara ke sha daga bakin manya a ƙasar Hausa ma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da yake ciwon kan yi sauƙi ga wasu muddin suna da ciki ko suna shayarwa. Amma sau da yawa yakan dawo da dawowar haila, kuma shawarar ba ta da amfani ga wadda cutar ce ma ta hana ta ɗaukar cikin.

Ɓarnar da ra'ayin Meigs ya yi ta wuce nan. Bai yi la'akari da cewa matan masu hali su ne ake saurara, su ake yi wa bincike mai zurfi ba. Daga lissafinsa sai littattafan koyar da likitanci suka ɗauka cewa cutar ta fararen mata ce masu ilimi da wadata, ba ta cika kama baƙar fata ba. Aka yi shekaru baƙar mace a Amurka in ta zo da ciwon mara, sai a yanke cewa sanyi ne da ta ɗauko ta hanyar jima'i, a ba ta maganin ƙwayoyin cuta, ta koma gida da ciwonta da kuma zargi a kai. Donald Chatman, likita a Shikago, shi ya ƙalubalanci wannan a 1976, ya nuna cewa da yawa daga baƙaƙen matan da aka yi wa waccan fassara endometiriyosis ke damunsu. A Nijeriya ma an daɗe ana ɗaukar ta baƙuwar cuta, har wani bincike da aka buga a 2015 daga Ibadan ya same ta a jikin kusan rabin mata 239 da aka leƙa cikinsu saboda larurorin mata.

Cikin ƙarya da tsufan aro

Da masana suka iya haɗa sinadaran homon a ɗakin gwaji, sai fage ya koma na ƙwaya da allura. A shekarun 1940 an gwada ba mata homon ɗin maza, testostaron. Ciwo ya ragu, amma gashi ya fito a haɓa, fuska ta feso da ƙuraje, murya ta yi kauri. A 1948 Karl Karnaky na Hustan ya bi ta ɗaya gefen, ya riƙa ba da wani istirojin na haɗi mai suna stilbestarol, wanda aka ƙera a Ingila a 1938, da yawan gaske har haila ta tsaya. Tashin zuciya, da ɓarkewar jini mai tsanani, da daskarewar jini a jijiya, su suka biyo baya. Wannan magani ne daga bisani, a 1971, aka gano yana haddasa wata irin sankara ga 'ya'ya matan da uwayensu suka sha shi suna ɗauke da cikinsu.

A 1958 Robert Kistner, shi ma daga Bostin, ya zo da abin da ya kira cikin ƙarya. Ya yi amfani da Enovid, ƙwayar da aka amince da ita a 1957 domin matsalolin haila, wadda a 1960 ta zama ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko a Amurka. Yana ba da ita kullum ba hutu, yana ƙara yawa sannu a hankali, na tsawon watanni, har jiki ya ɗauka ciki ne. Jikin kuwa yakan ɗauka da gaske: laulayi, nauyin nono, kumburi, ƙiba, watau wahalar ciki ba tare da goyo a ƙarshe ba. Babbar ƙwayar Enovid tana ɗauke da maikurogiram 150 na wani nau'in istirojin, alhali yawancin ƙwayoyin yau tsakanin 20 zuwa 35 suke. Mata da yawa sun ajiye maganin kafin wa'adi. Duk da haka dabarar Kistner ita ce ta fi kowace daɗewa, domin ƙananan ƙwayoyin tsarin iyali da ake sha ba hutu har yanzu suna cikin abin da likita kan fara da shi.

Sa'an nan danazol ya shigo, ya yi sarauta ta fiye da shekara goma. Kamfanin Sterling-Winthrop ne ya haɗa shi a 1963, Robert Greenblatt na jihar Jojiya da abokan aikinsa suka ba da rahoton amfaninsa a 1971, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1976. An kira aikinsa ɗaukewar haila ta ƙarya, amma a haƙiƙa dangin homon ɗin maza ne. Ana shan har miligiram 800 a rana na wata shida zuwa tara, kuma lalle yana kwantar da ciwo. Farashinsa shi ne ƙiba, da maiƙon fata, da ƙuraje, da ƙanƙancewar nono, da gashi a inda mace ba ta so, da taɓa hanta, da rage kitsen jini mai amfani wanda ke kare zuciya. In mace ta sha shi da ƙaramin ciki ba ta sani ba, yana iya canza halittar al'aurar jaririya. Akwai kuma kaurin murya, wanda ga wasu ba ya komawa ko bayan an daina shan maganin.

Batun muryar nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya fi tona yadda ake awo a wancan lokaci. A takardar magani layi ɗaya ne cikin jerin abubuwan da ka iya faruwa, kusa da ciwon kai da murɗar tsoka. Ga malamar makaranta, ko mawaƙiya, ko matar da 'ya'yanta ke gane ta da kira ɗaya daga bayan katanga, ba ƙaramin abu ba ne. Babu wani gwaji na asibiti da zai faɗi nauyinsa, sai ita mai muryar, ita kuwa ba kasafai ake tambayarta ba.

Abin da ake aunawa a lokacin shi ne abin da idon likita ya gani. A 1979 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta fito da tsarin ba cutar maki bisa yawan tabo da girman ƙullutu da mannewar kayan ciki, aka yi masa gyara a 1985 da matakai huɗu. Magani ya yi nasara in makin ya sauka. Daga baya aka gane cewa makin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafin ciwo: wata tana mataki na ɗaya ba ta iya miƙewa tsaye ranar haila, wata tana na huɗu ba ta san tana da komai ba sai da aka buɗe ta don wani dalili. Matan da kansu suka fara neman a ji ta bakinsu. A 1980 Mary Lou Ballweg da Carolyn Keith suka kafa ƙungiyar masu fama da cutar a Milwoki, suka shiga tattara bayanan abin da mata ke ji a jikinsu, na ciwo da na magani.

Wanda ya sauke danazol daga gado ya fito ne daga binciken ƙwaƙwalwa. A 1971 aka gano ginin wani homon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ga ɗan ƙululun da ke gindinta, shi kuma ya umarci gidan ƙwai ya yi aiki. Andrew Schally da Roger Guillemin sun sami lambar Nobel a 1977 saboda binciken irin waɗannan homon. A 1978 Ernst Knobil da mutanensa suka nuna a jikin birai cewa saƙon yana aiki ne in ya zo ɗigo-ɗigo, lokaci-lokaci. In aka kwararo shi ba yankewa, sai ƙululun ya toshe kunne, gidan ƙwai ya yi shiru. A 1982 aka gwada wannan dabara a kan masu endometiriyosis, zuwa 1990 kuma aka amince da nafarelin, na fesawa a hanci, da lufrolid, na allura. Wannan shi ne aikin Battey ba tare da wuƙa ba, kuma ana iya janye shi. Ba gemu, ba kaurin murya. Amma tsufan aro ya zo da kayansa cif: zafin jiki, gumin dare, bushewar gaba, sauyin hali, da zaizayewar ƙashi, wadda ta sa aka taƙaita shan maganin ga wata shida. A 1992 Robert Barbieri ya kawo shawarar cewa akwai wani matsakaicin ma'auni na istirojin da ya isa ya kare ƙashi amma bai isa ya ciyar da cutar ba. A kan wannan tunani aka kafa al'adar mayar wa mace ɗan homon kaɗan tare da allurar, abin da ya rage wahalar, ya ba da damar tsawaita magani zuwa shekara.

Madubin leƙen ciki

Fiɗa ma ba ta tsaya inda take ba. Raoul Palmer a Faris tun shekarun 1940, da Kurt Semm a Jamus bayansa, sun gyara hanyar shigar da siririn madubi ta ƙaramar huda kusa da cibiya, a ga cikin mace, daga baya har a yi aiki ta nan. Maimakon a kwashe komai, sai a ƙone tabon ko a yanke shi, a bar mahaifa da gidan ƙwai. A 1994 Christopher Sutton ya yi wani gwaji a Gilfod ta Ingila da mata 63: aka yi wa wasu aikin, wasu aka leƙa kawai aka rufe, ba wadda ta san rukuninta. Bayan wata shida kashi 62.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun sami sauƙi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 22.6. Lissafin yana da fuska biyu, domin ya nuna fiɗa na da amfani, ya kuma nuna cewa fiye da ɗaya cikin uku sun sha wuƙa ba su ga canji ba. Ta fuskar haihuwa, wani gwaji a Kanada a 1997 da mata 341 masu ƙaramar cuta ya sami ciki mai ɗorewa ga kashi 30.7 bayan aiki, da kashi 17.7 ba tare da shi ba. Wani ƙarami a Italiya a 1999 bai ga bambanci ba. Ciwon kan dawo wa da yawa cikin 'yan shekaru. Ɓare ƙullutun cakulan daga gidan ƙwai kuma kan tafi da wani ɓangare na lafiyayyen nama, ya rage ajiyar ƙwai, musamman in aka maimaita aikin.

Inda ma'auni ya tsaya

Magungunan da suka zo a baya-bayan nan ba su sauya tushen dabarar ba, farashin suka rage. Dayanojes, dangin homon ɗin ciki ne da aka haɗa a garin Yena na tsohuwar Jamus ta Gabas a 1979, ya shiga kasuwar Jafan domin wannan cuta a 2008, Turai ta biyo baya jim kaɗan. Miligiram 2 ake sha a rana, abin da aka fi kuka da shi kuwa ɗigar jini ba kan ƙa'ida ba, da ciwon kai, da damuwa ga wasu. Robar Mirena da ake sawa a mahaifa, wadda ta fara fita a Finlan a 1990, tana sakin homon kaɗan-kaɗan na shekaru. A 2018 Amurka ta amince da elagolis, ƙwaya mai rage istirojin gwargwadon yawan da aka sha, kuma cinikin a rubuce yake ƙarara a takardarsa: miligiram 150 sau ɗaya a rana har wata 24, ko miligiram 200 sau biyu a rana, mai ƙarfi a kan ciwo, amma wata 6 kacal saboda ƙashi.

Wuyar da ta rage ita ce ta mace mai son abu biyu a lokaci guda. Magungunan homon suna aiki ne ta hanyar danne haila ko fitar ƙwai, don haka ba a neman ciki ana kansu, kuma bincike ya nuna ba sa ƙara damar haihuwa bayan an daina. Mai neman haihuwa yanzu, zaɓinta maganin rage zafi irin su ibufurofen, ko fiɗa, ko dashen ƙwai a asibiti, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan gidaje. Wadda ta gama haihuwa lissafinta daban, haka budurwa 'yar shekara 16 da ƙashinta bai gama ƙarfi ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun ɗora zaɓi a kan shawara tsakanin likita da majinyaciya, tare da duba illa da tsada da abin da ita take so. Sun cire danazol daga jerin abin da ake ba da shawara, sun ce kada a umarci mace ta ɗauki ciki don kawai maganin cutar, shekara 84 bayan rubutun Meigs. Sun kuma yarda a fara magani bisa alamomi da hoton ciki, ba lalle sai an huda an leƙa ba.

Wannan sassauci na ƙarshe yana da dalili. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya haɗa mata 1,418 daga ƙasashe goma har da Nijeriya, ya sami cewa tsakanin fara jin ciwo da gano sunansa akan ɗauki shekara 6.7 a matsakaici, kuma mafi yawan jinkirin yana faruwa ne tun a matakin likitan farko, kafin a tura mace wurin ƙwararre.